Fitilar da Kawu Ya Sauya wa Ƙafa

An karɓi sabon allon cikin manhajar, amma fitilarsa ba ta kama ba sai a kan allo ɗaya tak a duniya, wanda ke kan teburin Injiniya.

Abin ya faru ne ranar Talata da hantsi, a ofishinsu da ke saman shagon tayoyi, inda suke ƙera allunan lantarki masu sarrafa famfon ban ruwa. Akwai manhajar da ke harhaɗa shirin da ake ɗora wa irin waɗannan alluna, kuma ba ta san allo ba sai an bayyana mata shi ƙafa ƙafa, wato 'yan ƙarafan da wayoyi ke haɗuwa da su: wannan ta fitila ce, waccan ta famfo. Aikin Injiniya ke nan. In bayanin ya yi kuskure, duk allon da masana'anta ta buga zai zo kurma, su kuma sun yi wa manoma alkawari kafin rani.

Injiniya ba ta yarda da zanen allo ba, ta fi yarda da idonta. Ta bi wayoyin allon da ke gabanta ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta, ta gwada, fitila ta yi ƙyaf ƙyaf. Mai kula da manhajar ya ga hoton fitilar a kunne, ya sa hannu.

Sai Oga, mai ofishin, ya ɗauko allo na biyu daga aljihun tebur don ya ga abin da idonsa. Fitila ba ta kama ba.

"Ko ba ki gaishe shi ba ne?" in ji Oga.

Injiniya ta kife allunan biyu gefe da gefe. A bayan nata akwai wata siririyar waya ja, an liƙe ta da dalma tsaf, kamar da ita aka haife shi. Ta juya ta dubi kawunta, mai yi musu liƙi, yana can bakin taga yana shan shayi.

"Kawu, wannan wayar fa?"

"Au, wannan? Ƙafar ce ta ƙone wancan makon, na mayar da fitilar kan maƙwabciyarta."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"'Yata, kin ce in gyara, ba ki ce in ba da labari ba. Ai ta kama ko?"

Ta ajiye allon a hankali. Gyaran bayanin ba wuya, layi ɗaya ne. Tambayar ita ce bayanin wane allo za ta rubuta, tunda wancan makon ne aka aika wa masana'anta hoton allo don su kwaikwaya, kuma Oga da kansa ya ɗauka.

"Wanne ka ɗauka, Oga?"

Ya sosa ƙeya. "Kore dai ne."

Dukansu koraye ne. Injiniya ta buga wa masana'antar waya, aka ce mai zana musu allo ya fita cin abinci. Har aka tashi aiki bai dawo ba.