Gaisuwar Dada Fanta

Da aka raba jihar Gongola aka dawo da mijina Nehemiya aiki Jalingo, sai aka riƙa cire masa haraji sau biyu bisa kuskure. Cikin wannan matsin na karɓi bashin buhun masara wurin Dada Fanta, maƙwabciyarmu a unguwar Mayo Gwoi.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ta leƙo ta kan zana: "Maman Nathan, kun kwana lafiya? Ya yara?" Abin na ƙona mini rai. Wannan gaisuwa ce ko tuni? Ina biyanta kaɗan-kaɗan, amma leƙen bai ragu ba.

Ranar da aka mayar wa Nehemiya kuɗinsa, ya shigo yana lissafin fanka da kwanon rufi.

Na ce, "Baban Nathan, zafi bai taɓa kashe kowa ba. Fara cire mini matar nan daga kan zana."

Ya yi gunaguni, amma ya miƙo. Na kai mata har ɗaki na ƙirga a gabanta, da ragowar muka toshe yoyon rufinmu.

Washegari ina shara hankalina kwance, sai ga kanta bisa zana.

"Maman Nathan, kun kwana lafiya?"

Na tsaya riƙe da tsintsiya. "Dada, ai na biya."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "To don kin biya sai in daina gaishe ki? Miƙo kofi, na dama kunu."