Izinin Ɗaukar Hatimi

Sau uku Kuramochi ya sake rubuta takardar neman aikin da hannunsa, domin ba a goge kuskure a irin wannan takarda, sai dai a yaga a faro daga farko. Shekarunsa hamsin da tara, goma sha ɗaya daga ciki a kurkuku ya cinye su. Ranar Juma'a wa'adinsa zai cika a gidan da ake sauke waɗanda aka sallama. In babu aiki, babu mai ba shi hayar ɗaki, sai gindin gada.

Kamfanin wankin zannuwan otal ne, a bayan tashar jirgin ƙasa. A bangon ofis an rataye sanarwa cikin gilashi: ba ma tambayar mai neman aiki abin da ya taɓa haɗa shi da hukuma. Gilashin ya sha guga har yana ɗaukar ido.

Mutum biyu ya tarar: Hayasaka, matashiyar da ke ɗaukar ma'aikata, da tsoho Onodera, shugaban masu guga. Yatsanta ya bi jerin shekarun da ke takardar, ya iso inda suka tsallake shekara goma sha ɗaya, ya ɗan dakata, ya wuce.

"Ka iya injin guga, Malam Kuramochi?"

"Na iya, ranki ya daɗe. Shekara takwas na yi a kansa."

"A wane kamfa..." Onodera ya fara. Hayasaka ta yi gyaran murya, tsohon ya haɗiye sauran, ya jefo wa Kuramochi zanen gado. "To, Baba, gani ya kori ji."

Kuramochi ya ninke zanen, kusurwa bisa kusurwa, kamar an yanka da wuƙa.

"Kai!" in ji Onodera. "Ko matata ba ta ninki haka, ita da ta shekara arba'in tana ninke ni. Litinin ka zo da abincinka, namu shinkafar ba ta da gishiri."

Hayasaka ta yi murmushi, ta turo masa takardar yarjejeniya. Ya zaro ɗan hatiminsa mai kaurin yatsa, wanda ake dannawa a madadin sa hannu. Hatimin ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin tebur.

Kuramochi bai sunkuya ba. Ya miƙe ƙyam, ya haɗe dugadugai, ya ɗaga hannun dama sama, idonsa a bango.

"Lamba ɗari huɗu da bakwai! Ina neman izinin ɗaukar hatimi!"

Shekara goma sha ɗaya ko zufa bai share ba sai da izinin gandiroba. Baki ya riƙe amana, jiki ne ya ci ta.

Injuna na ta gurnani daga ƙasa. Onodera ya dubi faratansa. Hayasaka ce ta duƙa ta ɗauko hatimin, ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabin da ba shi da aibi. Takardar yarjejeniyar kuwa ta koma aljihun tebur.

"Akwai sauran masu nema da ba mu gani ba tukuna," ta ce. "Za ka ji daga gare mu ta wasiƙa."

Sannan ta zaro wata takardar.

"Kafin ka tafi, Malam, ga wannan. Shaida ce kawai cewa ba mu yi maka wata tambayar da ba ta dace ba."

Ya karanta daga sama har ƙasa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya dangwali jar tawada, ya danna hatimin a tsakiyar gurbin, bai karkace ba. Ya rusuna ya yi godiya, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a ce masa ya fita.