Tazugen Wandona

Ni da kuke gani, shekara arba'in da ɗaya na yi ina haƙar rijiya. Sau biyu ƙasa ta rufta da ni, sau biyu aka tono ni da raina, washegari na koma ramin. Ban taɓa zama a aji ba, amma in na ɗanɗana ƙasa zan gaya maka gaba nawa ya rage a taɓa ruwa. To mutumin da ƙasa ta haɗiye ta tofar, shi hawan jini ya kayar a tsakar gida yana wanke fuska.

Ƙafa ta dawo da wuri. Hannun dama ne ya yi yaji. Abin da ya fi ci mini rai kuwa tazugen wando ne. Duk na fito daga bayi sai in tsaya riƙe da wando da hagu, in kira babban ɗana ya durƙusa ya ɗaure mini. Magidanci mai furfura a gemu, yana ɗaura wa ubansa wando yana kau da kai! Ya sayo mini mai roba. Na ce ya kai wa autansa.

Shi ya kai ni asibiti, ɗakin gashin ƙashi. Dogon ɗaki ne, madubi ya cinye bango guda, ga ƙarafa biyu na dafawa, ga keke a kafe. Likitar 'yar siririya ce, ba ta kai nauyin guga biyu ba.

"Baba, me kake so hannun nan ya yi maka?"

"Ya ɗaga buhun siminti."

"Bayan buhun fa?"

Na saci kallon ɗana. Ta ce ya ɗan jira a waje. Sannan na faɗa mata, ƙasa-ƙasa. Ba ta yi dariya ba, shi ya sa na yarda da ita.

Ta gasa hannun da tawul mai zafi, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana miƙarwa har na ga taurari, amma ko uhm ban ce ba. Sai ta cusa hannun hagu cikin wata safa mai kauri ta ɗaure. "Wannan ɗan gatan shi ke hana ɗan'uwansa aiki," in ji ta. Ta zuba maɓallai a faranti, wai in tsince su in zuba a kofi.

Wani direba da ke jinyar gwiwa a kan keken ya ce, "Mai rijiya, an koma wasan yara ke nan?"

Na ce, "Tun safe kake tuƙi, ka bar ɗakin nan?"

Ta ba ni ƙwallon soso, ta ce in matsa sau goma safe da yamma. Goma? Ni? Ɗari-ɗari na riƙa yi. Kwana uku hannun ya kumbura suntum, ko maɓalli ɗaya ya kasa ɗauka. Ta dube ni ido cikin ido.

"Baba, in aka yi wa rijiya gaggawa, me ke faruwa?"

"Ruftawa take yi."

"To."

Rabon da a rufe mini baki haka tun ina yaron wani. Na koma goma.

Daga maɓallai muka koma igiya. Ta cire safar, ta zagaye matashin kai da igiyar, ta ce in ɗaure da hannu biyu. Da yatsun suka ƙi, na sunkuya na sa haƙori. Ashe tana kallona ta madubi. "Baba, bakinka zai kai ƙugunka ne?" Direba har da tari don dariya.

A mako na tara, bayan an gama gashi, na shiga bayin asibitin, ɗana yana jira a ƙofa. Na kama bakin tazuge da dama, ya kuɓuce. Na sake, ya kuɓuce. Gumi har cikin ido. Ɗana ya ƙwanƙwasa, na ce ya bar ni. A karo na shida babban yatsa ya danne, manuni ya zura, na ja. Ƙullin ya karkace, amma ya kama.

Da na fito, ya durƙusa yadda ya saba, ya kawo hannu. Na make hannun, da dama kuma.

"Tashi, malam. An gama."

Bai tashi ba. Ya zuba wa ƙullin ido, yana goge fuska da hannun riga. Na wuce shi na bi dogon barandan nan, hannuwana biyu a baya, ina gaisawa da mutane.