Jirgin da Ba Ya Yoyo Sai da Iska

Fundi Lali ya tsoma yatsa a ruwan da ya kwanta a cikin jirgin, ya kai baki, ya tofar.

"Gishiri ne," in ji shi. "Ba ruwan sama ba ne, ba kuma tulunka ne ya fashe ba."

"Da ka tambaye ni ai da na hutar da harshenka," in ji Famau, mai jirgin. "Jiya daga Pate zuwa nan ban ajiye bokiti ba."

Shekara arba'in da ɗoriya Lali, wanda ake ce wa Fundi, wato gwanin sana'a, yana toshe jirage a bakin tekun Lamu, da auduga da man kifi da guduma, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Wannan jirgin kuwa sau biyu yana bin ƙashin bayansa, dogon itacen nan da ke kwance a ƙasa tun daga goshi har gindi, yana cusa auduga a kowace tsaga, sau biyu kuma ruwa yana dawowa. Makon jiya Shebwana mai gahawa ya ce a gaban mutane idon Fundi ya mutu, a kai jirgin wurin masu shafa roba a huta. Nan take Lali ya rantse, in ya taɓa jirgin karo na uku bai daina yoyo ba, zai jefa gudumarsa a teku. Mutum ne mai saurin rantsuwa, kuma abin haushin, mai cikawa.

Amma yau ba rantsuwar ce ta fi cin ransa ba, mamaki ne. Ya tsuguna yana kallon ruwan kamar zai yi masa magana.

"Ka ce kafin ka tafi Pate kwana uku yana ɗaure a nan bai sha ko kofi ɗaya ba?"

"Ƙayau yake."

"Da kaya fa?"

"Na loda masa itace har wuya, bai yi ba. Sai mun tashi."

"To wane irin rami ne wannan da ya san an tashi?"

Famau ya ɗaga kafaɗa. Mijin ƙanwar Lali ne, Esha, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Kwana huɗu da binne ta Famau ya ɗaga filafili, ƙyallen nan da iska ke tura jirgi da shi, ya koma teku, ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Tun daga ranar Lali bai ƙara cin abinci a gidansa ba, magana ma sai ta aiki.

Lali ya haura gaɓa, ya ratsa tsakanin jakuna, ya miƙa wa Shebwana tsohon gwangwani.

"Cika min da toka."

"Toka kuma? Fundi ya koma boka!" Shebwana ya ce, tsofaffin da ke kan benci suka kwashe da dariya. "In za ka jefa gudumar ka faɗa min wurin, matata na neman abin fasa kwakwa."

Lali ya karɓi tokar ya koma wurin jirgin. Shi da Famau suka kwashe ruwan, suka goge cikin jirgin da tsumma, suka bar rana ta gama busar da shi. Sannan ya barbaɗa tokar, siririya, a kan ƙashin bayan daga farko har ƙarshe, ya ce a kwance igiya.

Da farko iskar ba ta da ƙarfi. Lali ya kwanta rub da ciki, hancinsa kusa da katako, tokar kuwa fara fat. Sai da suka fita tsakiyar mashigi iska ta cika filafilin, jirgin ya kishingiɗa, jigon da ke ɗauke da filafilin ya yi ƙara. Can sai ga wani baƙin layi, siriri kamar zare, yana rarrafe a cikin tokar.

"Saki igiya!"

Famau ya saki. Filafilin ya yi laushi, layin ya tsaya cak.

"Ja!"

Ya ja. Layin ya ci gaba da tafiya. Lali ya yi wata dariya irin ta wanda ya kama ɓeran da ya daɗe yana yi masa ɓarna. Ya bi layin da yatsa har inda ya faro. Ba daga tsagogin da ya toshe ba ne. Daga ƙarƙashin gungumen da jigon ke tsaye a kai yake fitowa.

"Ka gani? Iska ta danna jigo, jigo ya danna gungume, wani abu a ƙasa ya buɗe baki. Audugata lafiyarta lau. Juya mu koma, yau sai na ga abin da ke ƙarƙashin nan."

Ya ɗago yana jiran ya ga murna, sai ya ga fuskar Famau ta canja.

"Bar wurin nan, Fundi."

"In bar me?"

"Zan kai wa masu roba. Zan ce ni na fasa aikin, rantsuwarka ba ta hau ba."

"Na riga na taɓa shi, ta hau. Kai, me ka ɓoye a ciki, zinariya?"

Famau ya juya akalar jirgin.

Bayan azahar ruwa ya janye, jirgin ya kwanta a kan yashi. Maza huɗu suka taimaka aka sauke jigon, suka koma inuwa. Lali ya sa ƙarfe ya ɓanɓare gungumen. Doguwar ƙusar da ta ratsa shi ta ratsa ƙashin bayan ta fito a hannunsa ba gardama. Kanta da kauri, tsakiyarta kuwa ta zama kamar tsinken tsintsiya. Ya juya ta yana mamaki, don sauran ƙusoshin da ke kusa, sa'o'inta, ba su yi haka ba. Me ya ci wannan ita kaɗai?

Ya zura hannu a ramin, yatsunsa suka taɓa wani abu zagayayye da ya manne a inda ƙusar take. Ya zaro shi. Munduwa ce ta jan ƙarfe, ta yi kore shar. Ya goge ta da bakin zanensa, sai ga lanƙwasar nan a gefe, inda uwarsu ta taɓa datse ta da ƙofa. Ita ce Esha ta gada, ita ce mata suka birkice gida suna nema bayan rasuwarta. Shekara shida Lali yana zaton an sayar.

Ya zauna a kan katako. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ba ta taɓa hawa jirgin nan ba," Famau ya ce a hankali, idonsa a kan yashi. "Tsoron teku take yi. Kullum sai ta ce wata rana. Ranar da na fita, ban iya barin ta a gida ba. In waɗancan suka ji, za su ce na yi tsafi, ko na zare."

Lali ya daɗe yana murza munduwar.

"Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba sa zama wuri ɗaya a ruwan gishiri," ya ce. "Ita ta cinye ƙusar. Ko da ranta ma haka take, duk wanda ta zauna kusa da shi sai ta cinye shi da surutu."

Famau ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya rufe fuska da hularsa. Da ya sauke ta sai ya miƙa hannu.

"Kawo, in kai ta gida."

"Wa ya ce ita za ta tashi?"

Lali ya ɗauko busasshen itace mai tauri, ya feƙe turke daidai ramin. Ya naɗe shi da auduga, ya tsoma a man kifi. Ya mai da munduwar inda ya same ta, ya ɗora gungumen, ya buga turken da gudumarsa har ya shige. Da la'asar ruwa ya dawo, aka ta da jigon, suka sake barbaɗa toka suka fita. Iska ta fi ta safe ƙarfi, jirgin ya kishingiɗa har ruwa na lasar gefensa. Tokar ta dawo fara fat.

Shebwana na tsaye a bakin gaɓa da butarsa, tsofaffi a bayansa.

"To, Fundi, gudumar ta tsira ke nan. Amma faɗa mana, me ya hana ka gani har sau biyu?"

Kalma biyu kawai zai faɗa, kowa ya san ba hannunsa ba ne, ba kuma audugarsa ba. Ya dubi Famau, wanda ya duƙufa yana naɗe igiyar da ta riga ta naɗu.

"Ƙusa ce ta ruɓe," in ji Lali. "Gaskiyarka, idon ne ya fara tafiya."

Benci ya kaure da shewa. Shebwana ya zuba masa gahawa kyauta, don daɗin an ce ya yi gaskiya. Lali ya shanye, ya saɓa gudumarsa, ya jira Famau ya gama da igiyar.

"Me aka dafa yau a gidanka?" ya ce.