Hular Sarkin Teku

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, mai gidan kallo na Sandamu ya tattara kasakasan rawa ya tura ƙarƙashin gado, ya koma nuna finafinan dabbobi zalla. A nan Malam Nu'uman tela ya ga abin da ya hana shi sakat: wani kifi mai girman tirela, yana feso ruwa ta tsakar ka. Aka ce masa ai irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ne, kuma mutane na neman ƙarar da su. Bawan Allah ya fito yana share hawaye. Kifin da aka ba amanar annabi guda, shi za a ƙarar? Ina, ba da shi ba.

Ƙaninsa mai kai shanu Ikko ya samo masa takardar wata ƙungiya da ke neman 'yan sa kai masu ceton irin kifayen nan idan sun maƙale a bakin teku. Ya cike ya aika. Bayan wata uku sai ga shuɗiyar hula hana-salla, da kati mai ƙa'idojin ceto. Ya haddace katin tas. Hular kuwa ko a kan keken ɗinki tana kansa.

Sai dai fa Sandamu ba ta da teku. Abin da take da shi kududdufin bayan gari ne, shi ma sai da damina. Nan da nan gari ya raɗa masa Sarkin Teku, har wasu kan tsaya a bakin shagonsa su tambayi lafiyar talakawansa.

Matarsa Kande ce ta fara gajiya. Ta ce, "Malam, jiya a gidan suna an kira ni Sarauniyar Teku, mata har da buɗa. In damina ta wuce ba ka ceci ko tarwaɗa ba, wallahi hular nan matatar koko za ta koma."

Maganar ta soke shi, don ya san Kande ba ta rantsuwar banza. Amma ya ƙi karaya. Ai gaiwa ma a busasshiyar laka take shekara, ruwa na sauka ta fito. Wa ya ce babban kifi ba zai iya ba?

Damina ta zo gangara. Wata safiya, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya je duba kududdufi kamar kullum, sai ya hango wani baƙin gadon baya a gefen ruwa, yana huci yana feso ruwa sama. Ya ruga gida, ya fizge zanen Kande daga kan igiya, ya suri bokiti, ya bi gari yana shelar kifin Annabi Yunusa ya iso.

Da ya dawo da rabin gari a bayansa, kifin ya ɗago kai, sai ga ƙaho biyu. Saniyar Maiturare ce, wata tsohuwa mai sayar da nono, wadda ba ta da komai a duniya sai ita. Laka ta riƙe saniyar har ƙirji.

Dariyar da aka yi kada ka tambaya. Malam Nu'uman ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana cikin wannan hali ya ga Mainasara mahauci yana wasa wuƙa, wai a yanka kafin ta zama mushe. Wasu kuma sun kama wutsiya za su ja. Maiturare ta ɗora hannu a ka.

Malam ya gyara hula ya shiga laka har gwiwa. Ya ce, "Ku sake ta. Ƙa'ida ta farko, ba a jan wutsiya."

"Malam, saniya ce fa," in ji Mainasara.

"Na gani. Mayar da wuƙarka."

Ya tallafe mata kai don kada ruwa ya shiga hanci. Ya jiƙa zanen Kande ya lulluɓa mata saboda rana. Ya sa matasa suka tona lakar da ke ƙarƙashinta, aka zura buhuna ta ƙarƙashin cikinta, aka ɗaga a hankali, duk yadda katin ya faɗa. Kafin azahar saniya ta tsaya da ƙafafunta, ta yi atishawa a fuskarsa.

Ya koma gida laka har gira, da yagaggen zane a hannu, yana fargaba. Kande ta riga ta ji labari. Ta dube shi, ta dubi zanenta, ta miƙo hannu.

"Ba ni hular, Malam."

Ya cire ya ba ta. Ai saniya ba kifi ba ce. Ya zauna a kan turmi yana jiran ya ga ta nufi tukunyar koko.

Sai ya ga ta ɗebo ruwa da sabulu, ta wanke hular fes, ta shanya a inda zanenta yake ɗazu. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce ina Kande take.

Kande ta ce, "Wace Kande? Sarauniyar Teku dai. Gyara bakinki."