Tsayuwa a Ramin Tsakuwa

Suna tsakiyar hanya fitilar gargaɗin motar ta kama, tsakanin garin Tarlinga da hayaƙin da ya turnuƙe arewa. Des Kowald na kujerar gaba yana fama da igiyar hularsa, sai ya ji Marlene Pfitzner ta ja wani dogon tsaki. Ita ke jan motar kashe gobarar garin tun da ta daina jan motar 'yan makaranta, kuma ba mace ba ce mai tsaki a banza.

"Wa ya ja motar nan ranar bikin Kirsimeti?" ta tambaya, idonta a kan hanya.

"Ni ne," in ji Col Nitschke daga kujerar baya. "Lafiya?"

"Ka danne madannin hana ƙona filta, ka bar shi a danne."

"To me zan yi? A kan busasshiyar ciyawar filin ƙwallo na tsaya, ga wannan tsohon, Des, a saman mota cikin jar riga yana watsa wa yara alawa. Da na bar salansa ta yi zafi, ai da na babbake filin har da Des da gemunsa na auduga."

Gaskiyar Col ce, dannewar ba laifi ba ce, mantuwar ce ta kashe su. Duk wanda ya ja sababbin motocin nan ya san halinsu. Akwai filta a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙin dizal, in ta cika sai motar ta gasa ta da kanta har dattin ya zama toka, kuma zafin da ke fita a lokacin ya isa ya kunna ciyawa. Shi ya sa aka yi madannin. Amma in aka hana ta ƙonawa, aka yi ta yawo da ita a hankali unguwa-unguwa ana kaɗa jiniya don yara, sai filtar ta toshe. Fitila mai ruwan ɗorawa ta fara gargaɗi, daga ita sai ja, daga ja kuwa injin ya rage wa kansa ƙarfi, motar ta koma tafiyar jaki, ko a ina take. Mai ruwan ɗorawar da ke gaban Marlene har ta fara ƙyaftawa.

Des bai damu da fitila ba, abin da oba-oba ta faɗa musu kafin su fito shi ne a ransa. Wutar ta shiga karan alkama, iska na tura ta gabas, kuma abin da ke gabas shi ne makiyayar Marlene ta arewa, inda tumakinta na iri suke. Shekaru ta yi tana zaɓen su, tunkiya bayan tunkiya, ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Sauran motocin duk suna can suna kare gidajen mutane, babu mai zuwa domin tumaki.

Sai kawai ya ga ta karya sitiyari ta shiga tsohon ramin da ake ɗibar tsakuwa a bakin hanya, ta tsaya a tsakiyar fili ƙwal, ta ja birki.

"Marl, kin haukace ne? Tumakinki fa!"

"Na san na wane ne."

"Ba ta yi ja ba tukuna! Mu taka ta mu je, in mun dawo ki ƙona ta har gobe in kin ga dama."

"In ta yi ja a cikin kara, kai za ka ɗauke ta a kafaɗa? Da wannan tumbin?"

"Na rantse za ta kai mu."

"Kai mu ba wuya, Des. Fito da mu nake tunani." Ta saki madannin, ta danna na ƙonawa, ta ɗauki oba-oba ta shaida wa masu kula da aikin cewa motar Tarlinga za ta makara. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Injin ya ɗaga murya shi kaɗai, ya kama gurnani. Wani warin ƙarfe mai zafi ya cika ramin. Kai, Des bai taɓa ganin jira mai cin rai irin wannan ba! Ga ruwa cike da tanki, ga maza biyu da mesa, ga wuta ana kallonta, amma an tsaya ana gasa salansa. Ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Ya harbi dutse. Ya zagi waɗanda suka ƙera motar, ya zagi iyayensu, ya zagi Col, shi kuwa Col ya sunkuyar da kai ya kasa ramawa, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna makaranta.

Marlene ko kallonsu ba ta yi ba. Ta zagaya bayan motar, ta tsige 'yan ciyayin da suka tsiro a tsakanin tsakuwa ta jefar da su nesa, ta jiƙa ƙasar wajen salansa, ta duba tayoyi, ta sake ɗaure wata igiya da babu abin da ya same ta. A nan ne Des ya lura. Duk inda ta juya, bayanta ne ke fuskantar arewa. Ba ta yarda ta kalli hayaƙin ba ko sau ɗaya. Sai kunya ta kama shi. Ya ɗauko gorar ruwa ya miƙa mata, ta sha ta mayar masa.

Da gurnanin ya sauka, fitilar ta mutu, ko gama rufe ƙofa ba su yi ba ta fizgi motar.

Sun tarar wutar ta riga ta cinye kusurwar yamma ta makiyayar. Des ya dira da almakashin waya ya datse shinge, Col ya tsaya a bayan mota yana feshi, Marlene na bin gefen garken da hon tana kora su ta ɓarakar zuwa gonar da aka riga aka nome. Da yawa sun fita. Wasu kuwa, da yake tunkiya tunkiya ce, suka juya suka cure a kusurwar da ba mafita.

Des na shirin bin su sai iska ta juya. Ya ji ta a wuyansa kafin ya gani.

"Ku hau!" Marlene ta daka tsawa. "Des, ka bar su! Hau!"

Hanyar da suka shigo ta zama wuta. Abin da ya rage sai tudun rairayi da ke kudu, mai tsayi, ga mota da nauyin ruwa. Ta sa giya ta take totur har ƙasa. Des na riƙe da ƙofa yana jin zafi ta cikin gilashi, yana kallon madubin gefensa yana lanƙwashewa, idonsa kuma na komawa kan wurin fitilar nan. Ba ta kama ba. Motar ta yi kuka, ta tona rairayi, ta haye, ta gangara cikin ƙasar noma. Col ya zauna a ƙasan mota ya rufe fuska da hularsa, Des kuwa ya san sarai inda gawarsa za ta kasance da an bi maganarsa.

Sai da yamma suka koma, bayan wutar ta wuce. Ƙasa baƙa ƙirin, tana ta hayaƙi. Na kusurwar nan wasu sun mutu, amma da yawa suna tsaye, ulu ya ƙone, kofato ya narke, suna ta ɗingishi suna watsewa in mutum ya matso. Wani maƙwabci ya kawo bindiga don a hutar da su, ya jingina ta da shinge, ya koma motarsa.

Col ya matso yana murza hula. "Marl, da ban manta da..."

"Je ka cika tanki, Col. Ana iya kiran mu kuma."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki bindigar, Des ya riga ta.

"Ba ke za ki yi wannan ba. Koma mota ki zauna."

Ta daɗe tana kallon tumakin. Sannan ta share fuska da hannun riga, ta bar baƙin toka a kumatu.

"Gudu za su yi ta yi maka, ga ƙafafunsu," ta ce. "Muryata suka sani. Kai ka harba, ni zan kira su."

Ta shiga gaba, ta fara kira, su kuwa suka taho.