Ruwan da Pim ke zuba wa babanta

"Mama, in Baba ya sha ruwa ya ƙoshi, amai yake yi?"

Ina ɗaure gashina zan fita aiki Pim ta jefo min wannan tambayar. Shekararta biyar. Babanta Wirat ya rasu tun kafin saukar damina, mota ce ta buge shi a kan babur. Na tambaye ta wa ya gaya mata haka. Ta ce ba kowa, da idonta ta gani, ta kama hannuna ta ja ni baranda.

Barandarmu ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, can sama a benen haya a garin Nonthaburi, amma Wirat ya cika ta da 'yan tukwanen kyarana, hawa-hawa a kan katako. Wasu dunƙule kamar lemun tsami, wasu dogaye masu farin gashi kamar tsofaffi. Yawancinsu daga iri ya raine su. Ba ya ba su ruwa sai ya soka tsinken gasasshen nama cikin tukunya ya fito a bushe ƙarau. Yakan ce babbar hidimar da za ki yi musu ita ce ki manta da su. Da ya rasu na riƙe wannan maganar, domin ta yi min daidai. Ban iya tsayawa a wurin ba. Shanya ma a ɗaki nake yi.

Pim ta nuna min tata, wadda ya shuka irinta a satin da na haife ta, mai siffar 'yar kabewa da ɗigo-ɗigon fari. Wani ruwa mai kalar ƙasa na tsatsafowa daga gindinta. Na taɓa da yatsa, sai ta lotsa kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Na taɓa wadda ke kusa da ita, ita ma haka. Duk ƙasar tukwanen jiƙe take sharkaf, alhali rufin da Wirat ya yi musu ko ɗigon ruwan sama ba ya bari.

Kullum da sassafe nakan sauka in zuba wa sufayen addininmu masu yawon karɓar sadaka shinkafa a ƙofar gida, in hawo. Sai mu zauna gaban hoton Wirat, ni da Pim da surukata Kaka Lamai, mu tsiyaya ruwa daga 'yar butar tagulla zuwa cikin kwano muna ambaton sunansa, don ladan ya isa gare shi. Irin wannan ruwan ba a zubar da shi a kwata, gindin itace ake kai shi. Ni shagon magani nake aiki, ina sauri, don haka nakan bar musu kwanon su juye a gindin tsamiyar bakin ƙofa in za su makaranta.

Na shiga na sami Kaka tana shafa man zafi a gwiwa. Ba ta ɓoye min ba. Ta ce saukowa da kwano cike a wannan matakalar ya fi ƙarfinta, yarinya kuma ta ce ga itatuwan babanta nan a gida, me zai kai su tsamiyar da ba ta san shi ba.

"Saiwa ai saiwa ce, Jiap," in ji ta. "Ruwan ɗana, a shukar ɗana. Ina laifi?"

Na waiwaya. Pim na bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce tana rabawa daidai, kowace tukunya ta samu, in kwanon ya ƙare ta ƙara daga famfo don kada wata ta yi fushi. Tata kuma takan ba ta sau biyu, saboda ita Baba ya fi so.

Ranar Asabar na jera tukwanen a kwali muka hau tasi zuwa kasuwar shuke-shuke, wajen Kawu Samran, abokin Wirat da suke musayar iri. A hanya na gaya wa Pim asibitin itatuwa za mu. Niyyata in ja shi gefe in roƙe shi ya kama bakinsa, amma kafin in ajiye kwalin ya leƙa.

"Wa ya mai da min su kifi? Jiap, shinkafa kike nomawa a barandar nan?"

Na yi masa ido. Ya dubi Pim, ya dube ni, sai ya daina dariya. Ya ce mata ta zo ta riƙe masa kwalbar maganin da yake goge wuƙa da shi, babban aiki ne, ba kowa yake ba wa ba.

Ya zare ta farko daga tukunya, saiwar ta zube kamar jiƙaƙƙen zare. Ya yanke gindin, ciki baƙi. Ya goge wuƙa ya ƙara yankawa sama kaɗan, yana neman inda naman yake da tsabta, don in an sami ko da kamar kwabo ne ana iya ɗora shi a kan wata shuka ya rayu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ceto kawunan wasu 'yan kaɗan, sauran ya tura cikin bokiti. Da ya zo kan ta Pim sai ya rage sauri. Yanka siriri, ya duba. Wani yankan, ya duba. Har ya kai kan furen da bai buɗe ba, baƙin yana nan a tsakiya.

Ya ajiye wuƙar. Ya ce mata wannan nau'in dama ba ya daɗewa, tsufa ne ya kama ta.

Pim ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Mama, ruwana ne?"

Duk hanyar tasi ina shirya ƙaryar da zan yi mata: damina ce, ƙwari ne, ƙasar ce ta lalace. Amma na hango kawunan da aka ceto, na san in na ce ba ruwanta ba ne, gobe da safe za ta bi su da kwano. Kuma wata rana za ta girma ta karanta yadda ake rainon kyarana, ta gane na yi mata ƙarya a kan babanta.

Na durƙusa na ce mata eh, ruwan ne. Waɗannan itatuwan ba sa son ruwa da yawa, ita kuma ba wanda ya gaya mata. Na ce ladan ya isa wurin Baba tun lokacin da take tsiyayawa a gaban hotonsa, ba a ɓata ko ɗigo ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa Kawu Samran kwalbarsa, ta ce na gode Kawu, ta haɗa tafin hannu ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata. Na fi so da ta yi kukan.

Washegari ta ƙi taɓa butar tagullar. Kaka ta lallashe ta da kayan zaƙi, ta ƙi. Ta ce hannunta yana ruɓar da abu. Muka yi makonni ni da Kaka muke tsiyayawa, ita tana zaune ta cusa hannuwa ƙarƙashin cinya. Wata safiya ta tambaye ni ko Baba yana jin ƙishirwa yanzu da ta daina. Na roƙi mai shago ya bar ni in riƙa zuwa a makare. Yanzu ni nake ɗaukar kwanon, ita tana biye, mu sauka har gindin tsamiya. Takan yarda ta juye, amma sai na ɗora hannuna a kan nata, kuma sai ta tambaya ko wannan itacen ya tabbata yana son ruwa.

Kawunan da Kawu ya ɗora sun kama, ya kawo mana su da kansa. Suna nan a baranda, ni ke soka musu tsinke. Pim ba ta taka wurin ba tun daga ranar. In ta zo wucewa takan juya fuska wajen bango.

Ke mai karanta wannan, in kina da ƙaramin yaro da ya rasa wani, kuma mamacin ya bar abin da yake ƙauna a gidan, kada ki kau da kai daga abin don yana miki ciwo. Yaron ba zai kau da kai ba. Zai je ya yi masa hidima da iyakar saninsa. Ki riga shi zuwa, ki nuna masa yadda ake yi, kuma kada ki miƙa masa kwanon ruwa ki fita.